Hannun da Ya Ƙi Kaiwa Baki

Har yau hannuna na dama ba ya lanƙwashewa duka. In na ce zan taɓa kafaɗata da shi, sai ya tafi ya tafi, saura kamar yatsu uku ya tsaya, ya nuna mini nan ne iyakarsa. Ba ya hana ni komai. Da shi nake rubutu a allo, da shi nake tuƙa tuwo, kuma na ja kunnen 'ya'yan mutane da shi fiye da yadda zan so iyayensu su sani. Amma an yi wata shekara da ko bakina ba ya kaiwa, kuma a shekarar ce kakata ta taso daga garin Zermu ta zo ta yi lokacin ɗari a gidanmu.

Shekarata bakwai a lokacin. Gidanmu yana unguwar Birni, cikin Zinder, wato Damagaram, a gindin duwatsun nan da aka hana kowane yaro hawa, kuma ba yaron da bai hau ba. Na hau, santsi ya kwashe ni, na faɗo a kan hannu, ƙashi ya karye dab da gwiwar hannun. Baba baduku ne. Ya watsar da fatar da yake ɗinki, ya saɓe ni a kafaɗa sai gidan wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya san aikinsa, ba abin da ke tsakanina da shi sai addu'a. Ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure hannun kusan a miƙe. Da kwanakin da ya ɗiba suka cika, ya kwance da kansa, ya latsa nan ya latsa can, ya ce ƙashi ya kama, a bar yarinya ta yi ta wasa da hannunta.

Inna ta ce to. Ashe ta tsince karan da ya zubar ta ƙulle a bakin zane. Muna shiga gida ta zaunar da ni, ta mayar da su yadda suke, ta ɗaure.

Sai na faɗi dalilinta kafin wani ya ga wautarta. 'Ya'ya biyu Inna ta binne kafin ta same ni. Shi ya sa, ko da yake sunana na yanka Rabi, kowa Ayashe yake kirana, irin sunan da ake laƙaba wa 'yar wabi don mutuwa ta zaci ba wanda ya damu da ita, ta wuce abinta. To Inna ba ta iya wannan yaudarar ba ko kaɗan. Ko makaho ne ya shigo gidanmu zai gane an damu da ni. In na yi tari sau biyu ta hana idonta barci. Da na karye kuwa, sai ka ce ita ce ta karye: ita ke yi mini wanka, ita ke sa mini riga, ita ke ba ni tuwo a baki loma-loma. Baba ya yi magana, ta ce a ƙara mako ɗaya. Mako ya cika, ta ce ai jiya ta ji ina nishi cikin barci. Haka muka ƙara fiye da wata guda.

Ranar da aka kwance na gaskiya, abin da ya fito daga cikin tsummokaran bai yi kama da hannuna ba. Ya rame, fata tana saɓa, kuma ya ƙage. Yatsu suna motsi, wuyan hannu yana juyawa, amma gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Na yi iya ƙoƙarina in kai shi baki, ya tsaya can nesa, tsakaninsa da leɓena ya fi taƙi biyu.

Wanda bai taso a cikinmu ba zai ce ai ga hagu. Ni ma na gwada, sau ɗaya. An yi suna a maƙwabta, aka ajiye mana ƙwaryar shinkafa mu yara, yunwa ta sa na zura hagu. Yarinyar da ke kusa da ni ta janye hannunta kamar ta ga kunama, wata babbar mace kuma ta buge mini yatsu ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce? Da hannun tsarki kike ci da mutane?" Na taso ina kuka. Daga ranar ban sake ci a gaban kowa ba, sai a ɗaki, daga hannun Inna. Ita a gaskiya abin bai dame ta ba. In dai ina raye ina haɗiya, ta yarda ta yi ta ba ni har furfura. Ni kuwa na fara gane cewa in hannun nan bai kai baki ba, ni da zama kwano ɗaya da mutane sai dai in gani a wurin wasu.

Kakata uwar Inna ce, Iya muke ce mata. Ta sauko daga motar kasuwa da buhun gyaɗa da 'yar ƙwaryar man shanu. Ƙaramar tsohuwa ce, amma da damatsa irin na maza, don rijiyoyin garinsu suna da zurfi kuma tun tana yarinya take jan guga. Inna ce 'yarta ta fari, saboda haka akwai kunyar nan a tsakaninsu. Iya ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta duban idonta, ba ta yi mata magana kai tsaye. In miya ta yi gishiri, ni za ta kalla ta ce, "Ƙawa, gaya wa mutanen gidan nan su bar wa Bilma garin gishiri ɗan na gobe." In ba na kusa, da akuya za ta yi zancen. Inna tana tsaye a wurin tana ji. Ina yarinya na ɗauka faɗa suka yi tun kafin a haife ni.

Da an yi magariba an ci tuwo, wutar murhu ta koma garwashi, sai Iya ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta binne gyaɗa a toka mai zafi, ta ɗora murfin gwangwani da man shanu a gefen wuta. Ƙamshin gyaɗar ne ke kiran yaran maƙwabta, ba sai an aika ba. Mukan kewaye ta, ƙafafu wajen wuta, bayanmu yana shan sanyi. Har yanzu in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa a toka sai zuciyata ta yi laushi, ko da a tsakiyar tasha nake.

A daren farko ta dube ni ta ce, "Ƙawa, miƙo mini sandar nan taki in gani."

"Ba sanda ba ce, hannuna ne."

"Hannu? Yo hannu ai baki yake zuwa. Wannan yaushe rabonsa da zuwa gaisuwa?"

Yara suka yi dariya, ni ma na yi. Wannan ne karo na farko da aka taɓa zancen hannun ban ji kamar ƙasa ta tsage in shige ba. Ta lakuto man da ya narke ta shafa mini tun daga kafaɗa har wuyan hannu, tana bi da babban yatsa a hankali. Sannan ta kama tafina na hagu ta ɗora a gaban damtsenta, ta lanƙwashe hannunta. Na ji wani abu mai tauri ya taso a ƙarƙashin tafina. Ta ce, "Kin ji ta? Ta-Gaba ke nan." Ta mayar da tafin bayan damtsen, ta miƙe hannun tana danna gwiwar ƙafarta da shi, nan ma wani abu ya ɗaure. "Wannan kuma Ta-Baya. Tagwaye ne. Ku matso ku ji abin da ya same su."

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a ƙofa," mu kuma mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Wai an yi wani tsoho, sunansa Ƙashi. Ƙarfi gare shi, in ka ɗora masa rumbu zai ɗauka bai ce uhum ba, amma ko ƙuda ne ya sauka a hancinsa ba ya iya korarsa, don shi da kansa ba ya motsi. Allah ya ba shi 'ya'ya mata tagwaye. Ɗaya tana zaune a gabansa, ɗaya a bayansa, kowacce da igiyarta ɗaure a hannunsa. Su kuma ba su iya tura komai ba, ja kawai suka iya. In zai kai loma, Ta-Gaba ta ja, hannu ya tafi baki. In zai koma akushi, Ta-Baya ta ja, hannu ya miƙe. Haka suke zaune, tsoho yana ci yana sa musu albarka.

Ran nan tsoho ya faɗi ya ji ciwo, a gaban idon Ta-Baya. Tsoro ya kama ta, ta naɗe igiyarta a hannu sau uku, ta rantse ba za ta ƙara sassautawa ba, kada ya sake faɗuwa. Ciwo ya warke, ba ta sassauta ba. Aka kawo tuwo, Ta-Gaba ta ja, hannu ya ƙi tasowa. Sai ta kama waƙa:

Ta-Baya, Ta-Baya, sassauta,
Tuwon Baba ya huce.

Ita kuma ta amsa:

Ba ni saki, ba ni saki,
A gabana ya faɗi.

A nan Iya takan raba mu biyu, rabi su yi Ta-Gaba, rabi su yi Ta-Baya, a yi ta maimaitawa. Duk lokacin da aka ce "sassauta" sai ta danna hannuna ya ɗan lanƙwashe, ta riƙe shi a nan har a gama amshi. Da zafi, wallahi da zafi, har cikin haƙorana nake jin sa. Amma ina tsakiyar waƙa, kuma ba na son yara su ga hawayena, sai in ƙara ɗaga murya.

Ta-Gaba ta gaji da ja ta zauna, zaman banza ya sa ta rame har ta koma kamar zare. Ga tsoho, ga tuwo a gabansa, ga 'ya'ya biyu masu sonsa, yunwa tana neman kashe shi. Sai ga wata tsohuwa mai jan ruwa ta biyo ta hanyar. Ta duba ta gani, ta ce da Ta-Baya ta biyo ta rijiya. Ta-Baya ta ɗaure igiyar a turke tamau, ta bi ta. Tsohuwa ta miƙa mata guga ta ce ta ɗebo. Ta ƙanƙame igiyar gugan, guga yana lilo a bakin rijiya, ba ruwa. Tsohuwa ta ce, "Saki mana." Ta buɗe hannu gaba ɗaya, guga da igiya suka faɗa rijiya, sai da aka sa ƙugiya aka ciro. Tsohuwa ta ce, "Ban ce ki ƙanƙame ba, ban ce ki yar ba. Bar ta ta bi ta tafinki, kina jin tafiyarta." Ta yi hakan, guga ya sauka ya sha ruwa. Ta duba tafinta ta ga ya yi ja, ta ce, "Iya, yana ƙuna." Tsohuwa ta ce, "Yana ƙuna mana. Wa ya ce miki ba ya ƙuna?" Ta koma gida ta kwance igiyar daga turke, ta yi yadda aka koya mata, tsoho ya ci tuwonsa.

"Baƙuwa ta ji ɗumi, ta tafi," in ji Iya. "Wanda ya tone gyaɗa kafin in ce a tona, kansa kan kusu."

Muka dame ta da tambaya ina igiyar take a jikin mutum. Ta sa kowa ya tsunguli agararsa a bayan diddige, ta ce ga ɗaya nan. Ranar Juma'a da Baba ya yanka mata kaza, ta ɓoye ƙafa guda, ta zaro wata farar jijiya daga saman ƙafar ta ja. Yatsun matacciyar kaza suka dunƙule. Muka watse da ihu, muka dawo kowa yana roƙon a ba shi ya ja.

Da safe kuma wata dabara ce. Ta samo ludayi mai dogon mariƙi ta ce da shi zan riƙa shan koko, da dama, da kaina. In na kama can ƙarshensa, na juya wuyan hannu, na sunkuyar da kai, yana kaiwa. Na yi murna ba kaɗan ba. Bayan kwana uku na ga kamar koko yana yi mini nisa. Bayan mako na tabbata. Na laɓe wata safiya na kama ta da wuƙar Baba ta yankan fata, tana rage mariƙin kaurin yatsa guda.

"Iya! Ashe ke ce!"

"Ni? Gara ce. Garar Damagaram ba ta da kunya."

Inna ba ta zama da mu a bakin wuta, don 'yar fari ba ta zaman hira da uwarta. Tana can ƙofar ɗakinta da ƙwaryar wake tana gyarawa, inda hasken wuta ba ya kaiwa sosai. Wani dare Iya ta danna fiye da kullum, na kasa daurewa na ƙwala ƙara. Inna ta miƙe zumbur, ƙwarya ta kife. Ba ta da bakin da za ta ce wa uwarta ta bari, sai ta juya wajen zaure, inda Baba yake, ta ce, "A bar yarinyar nan haka. Abin da Allah ya yi ai ya riga ya yi. Ni ban gaji da ba ta ba."

Iya ba ta waiga ba. Ta ɗauki tsinke tana tona wuta, ta ce da garwashi, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai ba ta a baki, takarda aka ba ta daga sama cewa ba za ta riga ta tafiya ba?"

Inna ta durƙusa tana tsince wake a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da magariba Iya ta ce ga baƙuwa a ƙofa, muka ce ta shigo, sai muka ji ta sake ɗauko tsoho Ƙashi. Yara suka ce, "Iya, ai mun ji wannan!" Ta ce, "Kun ji, ba ku ji ba." Dare biyar a jere tana yin ta, muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, har wasu yaran suka daina zuwa duk da gyaɗar. Abu ɗaya na lura da shi ko a lokacin. A sauran tatsuniyoyinta mai laifi ba ya tsira, ko ya sha duka ko kura ta yi kalaci da shi. Ta-Baya kuwa ba ta taɓa zaginta ba. Kullum in ta zo wurin naɗe igiya sai ta dakata, ta ce, "Allah sarki. Ba mugunta ba ce, ta ga abin da ta gani ne."

Ɗari ya fara ja da baya, Iya ta fara zancen komawa, wai awakinta sun kusa haihuwa. Ludayi ya koma dungu. Hannuna yana zuwa har saura yatsu biyu ko uku da leɓe. Amma tuwo ba koko ba ne, ba a cinsa da ludayi, ni kuma na saba. Da an ajiye kwano sai in buɗe baki in jira.

Saura kwana biyu Iya ta tafi, da magariba, Inna ta zuba mini tuwon hatsi da miyar kuka. Maimakon ɗaki, sai ta ajiye kwanon a tsakar gida, ta zauna a ƙasa tana fuskantata. Na buɗe baki. Ba ta motsa ba.

Ta ce, "Ci."

Na ɗauka wasa ne, na ƙara matsowa. Fuskarta ba alamar wasa. Na dubi Iya, Iya ta ba mu baya tana hura wutar da ba ta buƙatar huri. Na miƙa hagu.

"Dama," in ji Inna, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Na yi kuka, na yi birgima, na ce ina jin yunwa, na ce hannuna yana ciwo. Da na ga ba ta kula ba, sai na nemo abin da ya fi kowane zafi a cikin ɗan abin da na sani, na jefe ta da shi. Na ce, "Da ma ba kya sona, shi ya sa kuka sa mini Ayashe." Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ce, "Tuwo yana hucewa."

Ya kuwa huce. Yunwa ce ta raba gardama. Na gutsuro loma da dama, na dangwalo miya, na ɗago. Miya ta bi wuyan hannuna ta gangara har gwiwa. Na sunkuyar da wuya iya sunkuyawa, na ja hannu iya ja, lomar ta dungure mini haɓa ta faɗi ƙasa. Ta biyu ma haka. A ta uku na rufe ido, na ja har na ji kamar gwiwar za ta tsage, sai na ji sanyin tuwo a kan harshena.

Ba wanda ya yi guɗa. Iya, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "To, Baba Ƙashi ya ci." Inna ta jira har na kai loma biyar ko shida, ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba. Ni kuwa na cinye kwanon tas ina kuka, na kwashi zanena na koma shimfiɗar Iya.

Yaro ba ya mance wanda ya bar shi da yunwa. Ina son uwata, ban taɓa daina sonta ba, amma na ajiye wannan magaribar a wani lungu na zuciyata, na shirya labarin yadda ya yi mini daɗi: Iya ce mai tausayi, mai man shanu da waƙa, Inna kuma ita ce ta ɗaure hannun har ya ƙage, sannan rana ɗaya ta gaji da ni. Iya ta rasu ina aji biyu a kolej. Da wannan hannun na shiga lakwal, wato makarantar boko, da shi na ci jarrabawa, yau ni ce ke koyar da darasin ƙashi da tsoka, da hoton ƙwarangwal a bango da dogayen sunaye na Faransanci. Littafin bai ƙaryata Iya ko a wuri ɗaya ba. Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsoka ja take yi, ba ta turi, shi ya sa suke aiki biyu-biyu, in ɗaya ta ɗaure ɗaya ta sassauta. Wadda aka bari ba aiki ramewa take, gaɓar da aka daɗe ba a motsa ba kuma ƙagewa take.

Tun da Baba ya rasu Inna a wurina take. Bara, wata Lahadi da rana, tana zaune a tabarmarta a inuwa, ni ina kan kujera ina shirya darasin gobe. Ta leƙo kayena, littafin da nake rubutu a ciki, ta ce, "Mene ne wannan kike zanawa kamar ƙafar rago?"

"Hannu ne, Inna. Gobe zan koya wa yara yadda yake lanƙwashewa. Zan ma ba su tatsuniyar nan da Iya ta yi mini."

"Ta yi miki?" Ta yi 'yar dariya. "Ke man shanu aka yi wa. Tatsuniyar tawa ce. Tun da ta haife ni ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Dare biyar tana yi mini magana, ni kuma ina zaune ina gyaran waken da na riga na gyara."

Na ajiye alƙalami. Abin da ban taɓa faɗa ba sai na ji ya fito. Na ce, "Inna, na daɗe ina riƙe da ke a kan ranar tuwon nan. Na ɗauka taurin zuciya ne."

"Kin ga hannuwana a ranar?"

Na yi tunani. Fuskarta na tuna, da kwanon, da bayan Iya. Na ce ban gani ba.

"Ba za ki gani ba. A kansu na zauna, duka biyun. Na san in na bar su a fili za su tafi bakinki ba da izinina ba. Da kika faɗi maganar nan ta suna, na ƙara danne su. Da na tashi sun mutu murus, ko labulen ɗaki ban iya ɗagawa ba, da kai na ture shi." Ta gyara mayafinta. "Taurin zuciya kuma, ina na gan shi? Aro na yi wurin tsohuwa, na magariba ɗaya."

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ranar sunan maƙwabta, kuma na ji tausayinta ya cika mini ƙirji. Shekara da shekaru ina ba 'ya'yan mutane tatsuniyar nan ina ce musu darasinta haɗin kai ne, su rubuta a kaye, su ci maki. Ban taɓa tsayawa a kan tafin da ya yi ja ba. Mai ja kowa yana ganin aikinsa, damtse ya kumbura a yaba masa. Mai sassautawa kuwa ba abin da yake nunawa, har wanda aka yi dominsa yana iya ɗaukarsa maƙiyi. Matar da ta binne biyu ta zauna tana kallon ta ukun tana kukan yunwa, tana jin an ce ba ta sonta, ba ta kare kanta ba, kuma ba ta zo daga baya ta nemi in gode mata ba.

Na ce, "Ki yafe mini, Inna."

Ta ce, "Yo me kika yi? Shekararki bakwai."

Na sauko daga kujera na zauna a tabarmarta, kafaɗata tana taɓa tata, abin da ita ba ta taɓa samu ta yi da tata uwar ba. Ba ta matsa ba. Muka zauna a haka har aka kira la'asar.